Kwamfutoci Uku a Shagon Mama

A shekarun farko bayan soja sun koma bariki na gama bautar ƙasa, na dawo gidanmu a Tarauni da digirin lissafi da ɗan abin da na koya na kwamfuta. Aikin gwamnatin da kowa ke cewa zai samu tunda farar hula sun hau bai zo ba. Abin da ya zo shi ne wani ƙaramin shago a Gyadi-Gyadi, ba nisa da asibitin koyarwa, inda ake buga takardu da kwamfuta, ana kuma yin fotokwafi. Mai shagon tsohuwar shugabar makarantar firamare ce, 'yar kudancin Kaduna, wadda ta daɗe a Kano har Hausarta ta fi tawa zama ta cikin gari. Kowa Mama yake ce mata. Ta ɗauke ni in kula da injuna: in kunna, in kashe, in zaro takarda idan firinta ta cije, in tayar da janareta idan an ɗauke wuta.

Kwamfutoci uku ne a shagon, duka 'yan gwanjo, farinsu ya dafe ya koma ruwan ƙwai. Ɗaya tana fuskantar ƙofa, biyu suna ciki a jikin bango. Wadda ke ƙurya ta Anti ce. Anti 'yar Filato ce, ta yi shekaru tana buga tafireta a wata ma'aikata kafin a rage ma'aikata a sallame ta. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna makaranta, kuma wannan kujera ta ƙurya ita ke riƙe da gidan. Ba ta kallon yatsunta idan tana bugu. Idonta na kan takardar da aka kawo, bakinta na kan duk wanda ya shigo. Yawancin masu zuwa ɗaliban jinya ne da na likitanci, da ma'aikatan lafiya masu ƙarin karatu, kowa da aikinsa na kammalawa rubuce da hannu a doguwar takarda. Rubutun da ni ba na iya karantawa, Anti sai ta buga shi tana ba da labarin wani biki.

A lokacin injunan suna tafiya lafiya. Ba zan ce suna gudu ba, amma ba sa sa mutum jira.

Mama tana da wani maƙwabci a Tarauni, Alhaji, wanda 'ya'yansa duka a hannunta suka yi firamare. Da aka koma mulkin farar hula sai ya samu muƙami, aka kuma zuba sababbin kwamfutoci a ofishinsa. Ya ga yadda fuskarsu ke sheƙi, ya tambaya, aka ce masa ai sabuwar babbar manhaja ce a kansu. Babbar manhaja ita ce wadda ke riƙe da kwamfutar gaba ɗaya, ita ke tayar da ita, ita ke raba wa sauran ƙananan manhajoji wuri da lokaci, har da wadda ake buga rubutu da ita. Alhaji mutum ne mai son ya yi alheri, kuma ya daɗe yana neman abin da zai yi wa Mama. Sai ya turo injiniyan ofishinsu da faifai a hannu, ya ce a sa wa Malama, kamar yadda yake kiran Mama, irin nasu. Ranar ba na nan, na je wata jarrabawar ɗaukar aiki da ba ta haifar da komai ba. Washegari na shigo na tarar da kwamfutocin uku sun sake fuska. Launuka masu kyau, gefuna a lanƙwashe, kowane akwati da ka buɗe sai ya taso a hankali kamar ana buɗe labule.

Mama ta yi murna sosai. Ta soya cincin, ta cika tire, ta je gidan Alhaji godiya. Shi kuma daga nan ya mayar da shi al'ada, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya tsaya da motarsa, ya shigo ya gaishe ta, ya tsaya yana kallon fuskar injunan. Wani lokaci har da abokinsa yake zuwa ya nuna masa.

Tun a makon farko na lura da jar fitilar nan ƙarama da ke gaban kowace kwamfuta. A da tana ƙyaftawa ne jefi-jefi. Yanzu ta kama ba ta saki, kuma daga ciki kana jin faifan ajiya yana gurnani kamar injin markaɗe daga nesa. Da safe sai ka kunna, ka share shago, ka goge fotokwafi, ka dawo ba ta gama farkawa ba. Abin da ya fi muni shi ne bugun. Anti za ta buga layi guda, fuskar kwamfutar babu komai, sai can haruffan su zubo a tare. Idan ta yi kuskure ba ta gani sai ta yi nisa. Wata rana ta ɗage hannuwanta ta ce da ni ita ta isa Jos, kwamfutar ko Kwanar Dangora ba ta kai ba.

Ɗalibai ba su da lokacin jira, musamman da lokacin miƙa ayyuka ya matso. Suka fara ɗaukar takardunsu zuwa wasu shagunan. Wata ɗalibar jinya, wadda ta fito daga aikin kwana idonta jajur, ta zauna tun safe ana buga mata babi guda, injin ya sandare kafin a adana, rabin aikin ya tafi. Ba ta yi faɗa ba. Ta tattara takardunta ta yi mana sallama, wannan ya fi faɗa ciwo. Mama ta kira wani mai sayar da kwamfutoci ya duba. Ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce injunan sun tsufa, sai dai a sayi sababbi, kuma yana da su. Mama ba ta da halin haka. Da yamma ta zaunar da ni da Anti ta ce idan wata ya ƙare abin bai sauya ba, za ta sayar da kwamfutocin ta bar fotokwafi kawai. Ni zan zauna, tunda fotokwafi ma tana son mai kula da ita. Ba ta faɗi sauran ba, ba ta kuma kalli Anti ba. Anti ta ce to, ta ɗauki jakarta.

Ni a raina ina jin na san abin da ke faruwa, ko kuma in ce ina da zato mai ƙarfi. Akwai wani ɗan allo a cikin kwamfuta da ake kira memori, wanda ya bambanta da faifan ajiya. Ni ina ɗaukar memori kamar teburin aiki, faifan ajiya kuma kamar akwati a ƙarƙashin tebur. Duk abin da kwamfuta ke aiki da shi a yanzu, kan tebur take shimfiɗa shi. Tsohuwar manhajar tana ɗaukar gefe guda ta bar wa mai aiki saura. Sabuwar, da ka kunna, sai ta baje kayanta: launukanta, inuwoyinta, da tarin ƙananan ayyukan da take yi a bayan fage ko ba ka sa ta ba. Kafin Anti ta buga harafi ɗaya teburin ya kusa cika. Daga nan duk abin da za a yi sai an sunkuya an sauke wani abu cikin akwati an ɗauko wani. Wannan sunkuyon shi ne jar fitilar, shi ne gurnanin. Na buɗe wurin da ke nuna yawan memorin da ake ci, na gani da idona: ba a buɗe komai ba, ma'aunin ya kusa kaiwa ƙarshe.

Na fara da abin da ba zai taɓa mutuncin kowa ba. Na kashe inuwoyin da buɗe labulen, na hana wasu ƙananan abubuwa tashi tare da injin. An ɗan samu sauƙi, musamman a ta bakin ƙofa, wadda memorinta ya ɗan fi na sauran. Biyun ciki kuwa sai dai a ce sun rage nishi. Na shiga kasuwa neman ƙarin memori, aka ce irin na waɗannan tsofaffin ya yi wuya. Na samo guda ɗaya da ƙyar, injin Anti ya ƙi karɓarsa, ya yi ta ƙara har na cire. Abin da ya rage shi ne a mayar da tsohuwar manhaja.

Na faɗa wa Mama, amma yadda na faɗa ba wanda zai ɗauka. Na ce wataƙila ba tsufa ba ne kaɗai, mai yiwuwa sabuwar manhajar ta ɗan yi musu yawa, kodayake ban tabbata ba, kuma shi mai sayarwar ya fi ni daɗewa a harkar. Tun ina yaro haka nake, ba na son in faɗi abu ya zo ba haka ba. Anti ta juyo daga ƙurya.

"Malam Wataƙila, digirin naka ma da wataƙila aka ba ka?"

Mama ba ta yi dariya ba. Ta ce ko da gaskiyata, kyautar Alhaji ce, ta ɗauki tire ta je ta yi godiya a gaban iyalinsa, ba za ta juya ta kankare abin ba kamar ya kawo mata shara. Anti ta ce a cire daga na ciki a ɓoye, a bar ta bakin ƙofa, ai ita yake fara gani. Mama ta ce ita ba ta yi wa maƙwabci abu a bayan idonsa, kuma ranar da ya leƙa ciki ya gani, kunyar ta fi ta yanzu. Idan za a cire, sai da saninsa. Ita kuma bakinta ba zai iya ba. Ta dube ni ta ce ni na yi karatun, in na yarda da abin da na gani, in je in faɗa masa.

Na yi kwanaki ina juya maganar. Idan na je na faɗa, aka cire, injunan suka ci gaba da rarrafe fa? Na ɓata tsakanin Mama da maƙwabcinta a banza, Anti kuma ta tafi duk da haka. Idan ban je ba, tafiyar Anti ba shakka a cikinta. Da na auna, sai na ga zuwan ne kawai ke da ƙofa.

Na je bayan la'asar. Tun da Alhaji ya samu muƙami ƙofar gidansa ba ta rabuwa da jama'a, an shimfiɗa tabarmi, kowa da buƙatarsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mahaifina, ya tambayi Malama, sannan ya miƙo hannu ya ce in kawo takardun nawa. Ya ɗauka aiki nake nema, kamar sauran samarin da ke zaune. Na ce ba wannan ya kawo ni ba, wata 'yar magana ce, amma ba ta gaggawa ba. Na koma gefe na zauna, don ban ga yadda zan ce wa dattijo kyautarsa ta jawo matsala a gaban mutanensa ba. Sai da jama'a suka ragu, aka fara haramar magariba, ya tuna da ni ya yafito ni cikin zaure.

Na fara da yabon manhajar, na ce babu shakka ta zamani ce. Na ce injunan Mama sun ɗan kwana biyu. Na ce akwai dalilai da yawa da kan sa kwamfuta nauyi, ba lalle ne a ɗora wa abu ɗaya ba. Ina cikin wannan zagaye ya ɗaga hannu.

"Yaro, ka ga an kusa kiran salla. Abin da na sa a saka musu, shi ya lalata su ko ba shi ba ne?"

Na ce, "Bai lalata su ba, Alhaji. Ya yi musu nauyi. Shi ne ya sa ba sa tafiya."

Ya dube ni. Sannan ya ce to me ya sa na ofishinsa ke gudu da abu ɗaya. Na yi masa bayanin tebur da akwati, na ce teburin na ofishinsa babba ne, manhajar ta baje kayanta wuri ya rage, na Mama kuwa ƙarami ne. Na ce kowace sabuwar manhaja da ke fitowa ana yin ta ne da tunanin sababbin injuna, ita kanta tana cin kaso mai yawa kafin ta bar wa mai aiki nasa. Daga nan na faɗi abin da ban shirya faɗa ba, cewa ɗalibai sun gudu, kuma ƙarshen wata Anti za ta rasa aikinta. Fuskarsa ta sauya. Ya ce Malama ba ta gaya masa ba. Na ce ba za ta gaya masa ba. Ya miƙe yana gyara hula, ya ce in cire daga guda ɗaya, ranar Juma'a zai zo ya gani da idonsa. Bai ce mini na kyauta ba, bai kuma ce na yi laifi ba. Na yi masa sallama na fito.

Ranar Lahadi shagon a rufe yake, don haka Mama ta ba ni makulli. Na zo da sassafe, titin shiru in ban da 'yan acaɓa jefi-jefi. Na cika janareta da mai, don idan aka ɗauke wuta a tsakiyar aikin ban san abin da zai faru ba. Na kwashe duk ayyukan ɗalibai da ke injin Anti zuwa ƙananan faifai, na buɗe kowanne a wani injin na tabbatar yana buɗuwa, sannan na sake kwashewa karo na biyu, don faifan nan ba abin yarda ba ne. Da na zo wurin da injin ke tambaya ko na tabbata a goge komai, na daɗe yatsana a sama. Na yi bisimilla na danna.

An ɗauke wutar kuwa, amma a kan janareta nake tun farko. Abin da ya ba ni wahala firinta ce, wadda ta ƙi gane injin sai da na tono faifanta na asali daga ƙasan wata durowa. Wajen azahar tsohuwar fuskar ta dawo, toka-toka, babu ado. Na kashe na kunna. Kafin in gyara zama ta farka. Jar fitilar ta ƙyafta ta mutu. Na kashe na sake kunnawa, don ban yarda ba.

Anti ta biyo daga coci, da zanen zumuntar mata a jikinta, ta ce hanya ce ta biyo da ita, alhali gidanta ba ta nan yake ba. Ta zauna ba ta ajiye jaka ba, ta jawo wata takarda ta fara bugu. Haruffan suna fitowa tare da yatsunta. Ta ƙara sauri, suka bi ta. Ta buga shafi guda ba ta ce uffan ba, abin da ban taɓa gani ba. Da ta gama ta ce kujerar ce na sauya mata tsayi, in mayar yadda take.

Ranar Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da motar Alhaji a ƙofa. Shi kaɗai ya zo. Mama tana tsaye kusa da fotokwafi tana gyara takardun da ba sa buƙatar gyara. Na roƙi Anti ta buga sakin layi ɗaya a injin da ke kusa da nata, mai sabuwar manhaja, sannan ta buga shi a nata. Alhaji ya tsaya a bayanta, hannuwansa a baya. A na farkon ya ga yatsu suna aiki, fuska babu komai, sai can rubutu ya zubo. A na biyun ya ga abin da na gani ranar Lahadi. Ya ce ta sake, ta sake.

Ya juya wajen Mama. "Malama, watanni kina cikin wannan, kina ganina duk Juma'a ina washe baki?"

Ta ce, "Alhaji, alheri ka yi mini. Ban san da wane baki zan ce ya yi yawa ba."

Anti ta ce ita da an tambaye ta tana da bakin. Alhaji ya yi dariya har da tari. Ya ce in cire daga ɗaya ta cikin ma. Ta bakin ƙofa kuwa ya tambaye ni ko za ta iya ɗauka. Na ce za ta iya, tunda na rage mata kaya, muddin ba a buɗe abubuwa da yawa a lokaci ɗaya ba. Ya ce to a bar masa ita, ko don masu wucewa. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce da Mama wannan yaron nata ta riƙe shi da kyau. Ban san inda zan sa idona ba.

Ban ce na yi wani babban abu ba. Duk wanda ya san harkar zai ce aikin yini ɗaya ne, kuma da gaskiyarsa. Na kuma san ba gyara ne na har abada ba, domin daga baya ɗalibai sun fara zuwa da ayyukan da aka fara a sababbin injuna, tsohuwar manhajar tana buɗe su da ƙyar. Amma na duba, na gane, na faɗa wa dattijo a zaurensa, kuma abin ya zo yadda na ce. Har yau idan na tuna ina jin daɗi.

Ɗaliban ba su dawo rana ɗaya ba. Mutum biyu suka fara zuwa, suka ga an gama musu kafin lokacin shiga aji, suka gaya wa wasu. A makon ƙarshe na watan sai da na aro benci daga mai shayin da ke gefenmu saboda masu jira. Ranar da wata ya cika ina ta satar kallon Mama, ita kuma tana ta hidimarta. Da aka zo rufewa ta ce gobe in shiga kasuwa in sayo katan na takarda da tawadar firinta, wadda ke nan ba za ta kai mu ko'ina ba. Sannan ta ce da Anti ranar Litinin ta zo da wuri, akwai ayyukan da aka bari. Anti ta rufe injinta da tsohon zanen da take rufe shi da shi, ta ce za ta duba ta gani ko tana da lokaci.